Kwansaltan Mai Jan Biro

Ranar wata Laraba cikin Fabrairun 2021, muna zaune a ɗakin malamai muna fama da tulin insha'in 'yan aji biyar, sai ga waya daga wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a Kano. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali, ya yi mana jajen ruwan da ya wuce, sai ya ɗan yi jim, ya ce, "Malam, ko za ka iya aikin kwansaltan?"

To, mu a iya saninmu, kwansaltan shi ne babban likitan nan da sai ka yi wata guda kana sintiri a asibiti kafin ka sa shi a ido. Muka ce masa ko dai ya manta darasin da muke ɗauka ne, ai mu Hausa muke koyarwa, ko allura ba mu taɓa riƙewa ba. Yaro ya yi dariya har da tari. Ya ce ba wannan ba, mashawarci yake nufi. Wata ƙungiya ce mai aikin raya karkara take shirya wasan kwaikwayo na rediyo, kashi takwas, a kan ambaliya da kuma kacallar da ta cinye Kogin Haɗejiya. Wani matashin marubuci a Kano ya riga ya rubuta, amma suna neman ɗan ƙasa, wanda ya san rubutu ya kuma san mutane, ya duba ya ba su shawara kafin a shiga ɗauka. Aikin kwana goma ne, kuma akwai kuɗi.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fara shiga kunnenmu. Duk wanda yake Haɗejiya a Satumbar 2020 ya san yadda aka kwana. Yaro da babba an fita bakin jinga, ana ɗura ƙasa a buhu ana jerawa dare da rana don kada ruwa ya faɗo cikin gari. Allah Ya tsare mana gida, amma 'yar gonarmu ta shinkafa da ke fadama wajen Auyo ta tafi gaba ɗaya, ta bar mu da bashin taki da na mai injin ban-ruwa. Albashin malamin makaranta kuwa, musamman irin tamu da ba ta gwamnati ba, mai karatu ya san iyakar inda yake kai mutum a wata. Saboda haka tun yaron bai rufe baki ba muka ce za mu iya, alhali ko kusa ba mu san abin da za mu iya ɗin ba.

A wannan lokaci shekararmu 16 muna koyarwa, da 'yar difilomarmu ta aikin malanta. Rubutu kuwa ciwo ne da ya kama mu tun muna yara. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya fito a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, kuma a ƙarƙashin benci muka karanta shi da muka shiga sakandare, shi da ire-irensa na haya. Tun daga nan muke rubutawa muna ajiyewa. Akwai littattafai biyu a cikin adakar uwargida, an rubuta da hannu, ba a taɓa bugawa ba, gara ta ma fara ɗanɗana ɗaya. Muna zuwa taron marubuta, muna yin gyara a rubutun wasu, muna kuma kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu. Iyakar jarinmu ke nan.

Kashegari aka ce mu aika da takardar tarihin aiki, wato mu jera irin wannan aiki da muka taɓa yi, da inda muka yi, da wanda zai shaide mu. A nan ne muka fara gane irin tarkon da ke jiran duk sabon shiga. Ba za a ba ka aiki ba sai ka nuna ka taɓa yi, kuma ba yadda za ka taɓa yi sai an ba ka. Muka zauna da farar takarda tun bayan isha'i har dare ya raba, abin da muka samu bai cika rabin shafi ba. Wani abokin aikinmu, malamin Turanci, ya leƙa da safe ya ce, "Haba Malam, wa ya gaya maka haka ake yi? Ai kowa ƙara gishiri yake." Ya karɓi biro, ya mai da mai kula da ƙungiyar wasan yara ya zama darakta, gyaran da muke yi wa abokai kyauta ya zama aikin edita na shekara goma. Muka soke editan, don ƙaryar ta yi yawa. Amma daraktan, Allah Ya yafe mana, mun bar shi, kuma har yau idan muka tuna sai mun ji wani abu ya tsaya mana a wuya.

Sai maganar kuɗi. Jami'ar da ke kula da shirin ta kira mu, mace mai fara'a da saurin magana. Ta ce, "Malam, nawa kake karɓa a yini?" Tunda uwarmu ta haife mu ba a taɓa yi mana wannan tambaya ba. Malamin makaranta ba ya yanka wa kansa farashi, abin da aka ba shi a ƙarshen wata shi ne darajarsa. Kunya ta rufe mu, muka ce ai duk abin da suka ga ya dace, Allah Ya sa albarka. Ta ɗan yi shiru, ta ce to za ta rubuta naira 4,000 a yini, kwana goma 40,000 ke nan. Muka yi ta godiya kamar an ba mu kujerar Makka. Sai da aka yi wata biyar muka ji a bakin ɗalibin nan namu cewa abin da aka tanada domin wannan gurbi ya ninka haka har sau uku, kuma da mun faɗi farashi da ba wanda zai yi musu. Ba mu ga laifin baiwar Allah ba. Wanda ya kai akuyarsa kasuwa ya ce a saya yadda aka ga dama, ba shi da bakin ƙorafi. Takardar yarjejeniya kuwa ko zancenta ba mu yi ba, don a ganinmu neman takarda a wurin wanda ya yi maka alheri rashin kunya ne.

Rubutun ya iso, shafi 64. Muka yi abin da muka saba, muka zaro jan biro. Kai, jama'a! Yaron yana da hannu, amma shi da ƙa'idar rubutu ko a hanya ba su taɓa gamuwa ba. Babu lanƙwasa a ƙ, babu a ɗ, babu a ɓ. Inda za a raba kalma ya haɗe, inda za a haɗe ya raba. Kwana huɗu muka yi muna bi layi-layi, har takardar ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Muka ɗauki hoton shafukan muka aika, muna jin cewa yau Kano za ta san akwai malamai a Haɗejiya.

Da yamma jami'ar ta kira. Ta yi godiya sosai, sannan cikin ladabi ta ce, "Amma Malam, ka san rediyo ne. Ba wanda zai ga lanƙwasa." Muka yi tsit. Ta ci gaba da cewa abin da suke so su sani shi ne, idan aka sa wannan wasa, mutumin Guri ko na Kirikasamma zai saurara har ƙarshe, ko kuwa zai murɗa akwatinsa ya koma wata tasha? In zai murɗa, a ina, kuma don me? Wannan shi ne abin da suke biya.

A daren nan ba mu yi barcin kirki ba. Kwana huɗu cikin goma sun tafi a banza, kuma tambayar da aka yi mana ba mu da amsarta. Muka sake karanta rubutun, wannan karo ba biro a hannu. Labarin wani masunci ne mai taurin kai wanda ya datse hanyar ruwa da tarkon kifinsa, ya hana a yi gayyar sare kacalla, ya kuma ƙi tashi da aka yi gargaɗin ambaliya. Ga wani matashin jami'i mai ilmi yana zuwa yana yi wa gari bayani. Ga soyayya tsakanin jami'in da 'yar masuncin. A ƙarshe ruwa ya ci gidan masunci, ya yi nadama, gari ya tafa. Mu dai ba mu ga aibinsa ba, ban da soyayyar, wadda muka ga ba ta da wurin zama a shirin wayar da kai. Amma da yake mun san ba a kawo mu don mu ce komai daidai ne ba, sai dabara ta zo mana irin ta aji: idan kana shakkar darasi, ka gwada shi a kan yara.

Ranar Asabar muka ɗauki ɗalibai huɗu na ƙungiyar wasa, maza uku da mace ɗaya, da izinin iyayensu, muka shiga motar kasuwa zuwa wani ƙauye da ke gaba da Kirikasamma, inda kawun ɗaya daga cikinsu yake. Ƙarshen tafiyar a kwalekwale muka yi ta, ta wani ɗan siririn lungu da aka sare a tsakiyar kacalla, ciyawa ta fi tsawon mutum hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Mai gari ya karɓe mu, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, mutum kamar talatin suka taru, yara suka fara karatu kowa da muryarsa.

Kashi na farko ya tafi lafiya, har an yi dariya. A na biyu, da jami'in ya buɗe baki ya fara bayanin illar kacalla, sai muka ga mutane sun fara kallon ƙasa. Wani ya tashi wai zai duba jakinsa. Wasu biyu suka tafi alwala alhali la'asar da sauranta. Da aka zo inda masunci yake cewa shi ba ruwansa da gari muddin ya sami kifi, sai wani dattijo da ke zaune a gefe yana gyaran koma ya ɗaga hannu. Ashe shi ne Sarkin Ruwan garin. Ya ce, "Malam, gafarta. Wannan wawan masuncin, a wane gari yake? Don mu nan ba mu san shi ba."

Muka ce, "Baba, ai labari ne, ƙirƙira ce."

Ya ce, "To, shi wanda ya ƙirƙira, ya gaya maka wanda ya shuka kacallar?"

Daga nan karatu ya tsaya, ya koma shi ne malami mu ne ɗalibai. Ya ce yana saurayi, kogin nan da rani ƙafewa yake, sai kududdufai, har a taka a ƙafa a haye. Da damina ruwa ya zo da ƙarfinsa, ya share hanyarsa, ya malale fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Idan ya janye, manomi ya bi danshi ya shuka, Bafillace ya biyo baya da shanu, masunci ya kwashi rabonsa a tafkunan da suka rage. Kowa da lokacinsa, ba mai taka wani. Kacalla tana nan tun da, amma a ɗan lungu, don rani yana kashe ta. Sai aka wayi gari ruwa ya daina zuwa da ƙarfi, ya kuma daina ɗaukewa. Ya ce, "Ruwan da ba ya gudu, ba ya kuma ƙafewa, shi ne abincinta. Mun sare da lauje, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na shan jininmu. Kafin wata uku ta dawo ta fi da. Yau kuma a zo a rediyo a ce mu ne muka hana?"

Abin kunyar shi ne, duk wannan mun san shi a takarda. Mun san an gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Mun san ana tare ruwan damina a sake shi kaɗan-kaɗan da rani domin noman rani da ruwan shan birnin Kano, abin da ya amfani dubban mutane, har da mu masu 'yar gonar shinkafa. Mun san a ƙasa da garinmu kogin yana rarrabuwa, wani reshe ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, tsohuwar hanyar kuma ta nufi wajen Gashuwa inda ake gamuwa da ruwan Jama'are a zama Kogin Yobe, a tafi Tafkin Chadi. Idan kacalla da laka suka toshe reshe ɗaya, ruwan da ya rasa hanya sai ya hau gonakin wasu ya zauna, wasu kuma can gaba su rasa ko na ban-ruwa. Tsuntsun jan-baki ya sami maɓoya a cikinta, yana fitowa ya cinye shinkafa da gero. Duk mun taɓa karantawa, mun ma taɓa ba yara a matsayin batun insha'i. Amma mun karanta shafi 64 har sau biyu, ba mu lura cewa an ɗora wa mutumin da abin ya fi cuta laifin abin da ya same shi ba. Mu da aka ɗauka a matsayin 'yan ƙasa! Ashe abin da muka sani na kogi bai wuce gada da kasuwar kifi ba. An haife mu a Haɗejiya, amma a wannan gindin tsamiya baƙi ne mu, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne.

Ba wai dattijon ya wanke masunta tas ba ne. Da muka tambaye shi zancen dumba, wato jerin gurar da akan gitta a hanyar ruwa, ya yarda cewa tana rage gudun ruwa tana tara laka, kuma akwai masu yi. Ya ce manoma ma suna fasa gaɓa su ja ruwa zuwa gonakinsu. Amma ya ce kowa yana yi ne don yunwa, ba don wauta ba, kuma duk wasan da bai san bambancin yunwa da wauta ba, su ba za su saurare shi ba.

Ɗalibarmu kuwa, da yake mu ba mu da ikon shiga cikin gida, ita muka tura wurin mata da littafi da biro. Ta fito da abin da ya fi namu. Matan suna bakin bandar kifi suka ce mata su ba sa ƙin jin gargaɗi. A ce su tashi, su tafi ina? Ajin makaranta, inda za a zuba iyali biyar a ɗaki ɗaya ba shamaki, surukai da matan 'ya'ya? Hatsin da ke rumbu fa, da awaki, wa zai tsare? Wata ta ce shekarar da suka tashi da wuri ruwa bai zo ba, ɓarayi ne suka zo. Wannan magana ta taɓa mu, domin mun sha ganin irin waɗannan ajujuwa, mun ma taɓa yin gunaguni cewa 'yan gudun ruwa sun karya mana bencina.

Asabar biyu muka ƙara komawa, da kuɗin motarmu, don kwanakin da aka yanka mana sun riga sun ƙare. Muka zauna da wani Ardo wanda ya ce kacalla ta rufe mashaya, burtali ya zama gona, shi kuma a wasan ko sunansa babu. Muka lura cewa a yankin akwai Badawa da Mangawa da Fulani, kowa da irin Hausarsa, amma mutanen wasan duk da bakin Kano suke magana kamar a Fagge aka haife su. Muka rubuta rahoto shafi huɗu. Muka ce a cire wawan masunci, a sa mutum mai hankali wanda bashi ya yi wa katutu. A rage wa jami'i baki, a bar shi ya yi kuskure ko sau ɗaya. A sa makiyayi. A bar mata su faɗi dalilinsu da bakinsu. A kuma cire soyayya.

Da mun tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ciwon nan na adaka ya motsa. Muka zauna muka sake rubuta kashi na uku gaba ɗaya da hannunmu, muka haɗa muka aika, muna cewa ga misali. Gaskiyar magana ba misali ba ne, so muke a ji muryarmu a rediyo ko da ta bakin wani ne.

Marubucin ya fusata, kuma yana da gaskiya. Aka gaya mana ya ce shi ba zai zauna malamin makarantar da bai taɓa buga ko ƙasida ba ya ƙwace masa aiki. Maganar ta yi mana zafi ƙwarai, don ta sami wurin da yake ciwo. Kwana biyu muna shirya amsa a zuci. Muna cewa ai malaman makaranta ne suka kafa wannan adabi. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman a rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa buga labari kafin Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Sai dai muna cikin wannan tunani misalin ya juyo ya sare mu. A wannan aiki namu ai ba mu ne Imam ba, yaron ne. Mu a kujerar East aka ajiye mu, mai dubawa ya ba da shawara. Kuma a cikin littattafai biyar da aka buga daga waccan gasa, ɗaya ne kawai, Jiki Magayi, yake ɗauke da sunan East a gefen na John Tafida. Sauran na masu su ne.

Muka kira shi da kanmu, ko da yake a haife mun kusa haifarsa. Muka ce ya yi haƙuri, ya yaga kashi na ukun da muka rubuta, mun wuce gona da iri. Ya yi sanyi nan take, ya ce, "Wallahi Malam, rahoton ya yi. Maganar tsohon nan ta hana ni barci." Muka yi awa guda muna karanta masa abin da ke littafinmu, kalma da kalma yadda mutane suka faɗa, yana rubutawa. Ya karɓi komai ban da abu ɗaya. Ya ce soyayya tana nan daram, in an cire ta shi ma a cire shi. Muka ce to, aikinsa ne. A ranmu kuwa muna cewa yaran zamani ba sa jin magana.

Aka sa wasan a farkon damina. A teburin mai shayin unguwarmu muka ji sakamakon. Ba wanda yake zancen kacalla da farko, duk gardamar a kan ko masunci zai ba jami'i 'yarsa ce. Amma don su ji yadda auren zai ƙare suka zauna har kashi na takwas, kuma a hanya suka ji maganar bashi, da ta Ardo, da ta matan da ba su da inda za su. Har muka ji wani ɗan acaɓa yana cewa shi da bai san madatsa tana da hannu a kacalla ba. Da an bi shawararmu an cire yarinyar, da mu da mai shayi kaɗai za mu saurara. Mun kira yaron mun gaya masa haka.

Sunanmu bai fito ba. An jero marubuci, da 'yan wasa, da mai haɗa sauti, aka rufe. Ba mu nema ba tun farko, ba wanda ya yi mana alkawari, amma duk da haka uwargida ta lura mun yi shiru a daren. Kuɗi kuwa sai bayan wata huɗu, bayan an sa mu nemo lambar biyan haraji, abin da ba mu taɓa sanin ana yi ba, aka kuma cire kashi 5 cikin 100 kamar yadda dokar haraji ta tanada a lokacin. Naira 38,000 suka shigo. Muka cire kuɗin motar Asabar uku da na abincin yara, sauran ya tafi wurin mai taki, bai ma rufe ba. Shugaban makarantarmu kuma ya ba mu takardar neman bahasi saboda wata Litinin da muka makara, mota ta lalace mana a hanyar dawowa. Mu namu ya tsaya nan ne don makarantar ba ta gwamnati ba ce. 'Yan'uwa marubuta da ke aikin gwamnati su yi hattara, domin Tsarin Mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da wata sana'a ta kansa in ba noma ba, gara mutum ya bincika matsayinsa kafin ya sa hannu a takarda.

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta fi ta 2020 ɓarna a Jigawa, wata ƙungiyar dabam ta neme mu, wai yaron nan marubuci ne ya ba da sunanmu. Wannan karo da aka tambayi farashi mun faɗa, ko da yake sai da muka rufe ido. Muka nemi takarda, aka ba mu ba tare da kowa ya ga rashin kunyarmu ba. Daga baya wani mai shirya fim ya kawo labarin da ya shafi masunta muka duba masa. Yanzu takardar tarihin aikinmu tana da layi uku na gaskiya, mun kuma goge daraktan. Ba mu bar aji ba, kuma ba mu ga alamar wannan aiki zai riƙe gida nan kusa ba. Wani lokaci shekara takan wuce ba a kira ba.

Akwai bashi ɗaya da muka daɗe muna jinkirtawa. Sai a ranin 2023 muka koma ƙauyen nan, da goro da sukari da turmin atamfa na iyali. Muka tarar da Sarkin Ruwa a gindin tsamiyarsa, ya ƙara tsufa, komar dai tana hannu. Ya gane mu tun daga nesa. Bayan gaisuwa ya ce ya ji wasan, jikansa ya kawo masa rediyo. Ya ce, "Na ji maganata a bakin wani. Ruwan da ba ya gudu ba ya ƙafewa. Ko wasali ba ku canza ba."

Muka ce haka ne, Baba.

Ya ce, "Nawa suka ba ka a kanta?"

Muka rasa inda za mu sa kanmu. Muka faɗa masa gaskiya, har da harajin da aka cire. Ya yi dariya har sai da ya ajiye komar, ya ce ashe mu ma an yi mana wayo, shi ya ɗauka mota muka saya. Ya karɓi goron ya raba wa na kusa, ya tura atamfar cikin gida. Sannan ya ce gobe Lahadi akwai gayya, garuruwa uku za su haɗu su buɗe hanyar ruwan da ta toshe tun bara, tunda mun zo sai mu kwana. Muka fara kawo uzurin makaranta da takardun da ba mu gama dubawa ba. Ya juya ya kira jikan nasa, ya ce ya ɗauko wa Malam lauje da tsohon wando, ya kuma tanadi gishiri saboda matsattsaku.